Zuwa ga Gwamnan Jihar Tawa: annoba kan fara ɓulla a ruga

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni dillalin dabbobi ne a kasuwar Tawa, ba likita ba, amma akwai abin da muke gani tun kafin likita ya ji labarinsa.

Ka tuna daminar 2016. A yankin Cintabaraden tumaki da awaki suka yi ta ɓari, ƙananan dabbobi suna mutuwa, makiyaya suna yanka masu ciwo don kada su mace mushe. Daga nan zazzaɓi ya kama mutane, wasu har da zubar jini. Daga 2 ga Agusta zuwa 22 ga Satumba an lissafa mutum 64, 28 daga cikinsu suka rasu, Allah ya jiƙansu. Sai da jinin ya je har Dakar aka tabbatar cewa zazzaɓin Kwarin Rift ne, wanda sauro ke yaɗawa tsakanin dabbobi, mutum kuma ya ɗauka ta jinin yanka ko taɓa ɗan ɓari. Ga kuma a lokacin taron lasar gishiri na Ingal yana ƙaratowa, inda garkuna ke haɗuwa daga ko'ina.

Da korona ta shigo Yamai a Maris 2020, an sa ido kan filin jirgi da iyakoki. Ba laifi. Amma mu nan arewa ƙofar cuta tana bakin rijiya da mashaya.

Makiyayi ya fi kowa sanin ranar da ciwo ya shiga garkensa. Me ke hana shi faɗa? Tsoro. Yana gudun a tsare masa dabbobi ko a rufe kasuwa, ya koma gida hannu rabbana. Shi ya sa yake gaggawar kawo su mu sayar, mu ma, gaskiya, ba koyaushe muke tambaya ba.

Roƙona shi ne, ranka ya daɗe, a ware kuɗin diyya ga duk wanda ya kai rahoton ɓari ko mace-mace a garkensa, a sanar ta gidajen rediyo da Hausa da Tamashek da Fulfulde. Malamin dabbobi da malamin asibiti kuma a ɗora masu wajibcin kiran juna a ranar da labari ya iso. Mahauta a ba su safar hannu kafin damina ta sauka.

Naka,
Wani dillalin dabbobi, Tawa