Roƙon Tallafi: Sanyi Ya Ƙarato, Maƙwabtanmu na Pine Ridge Ba Su da Gas

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa maza da mata mazauna nan Amurka.

Kwamitin masallaci ne ya sake dawowa gabanku. Hunturu ya taho, kuma a Pine Ridge ta jihar Dakota ta Kudu, inda mutanen Oglala Lakota, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suke zaune, sanyi kisa yake yi. Iyalai da yawa a tsofaffin gidajen tirela suke kwana, iska na shiga ta kowace kafa, kaka da jikoki cunkushe a ɗaki guda. Tukunyar gas na ƙarewa, wutar gida ta mutu. A Disambar 2022 ƙanƙara ta toshe hanyoyi kwana da kwanaki, har wasu suka ƙona tufafinsu don jin ɗumi.

Kada wani ya ɗauka maroƙa ne. A 1868 gwamnati ta rattaba hannu a Fort Laramie cewa duwatsun Black Hills nasu ne. Da aka ga zinariya, aka ƙwace su a 1877. A 1890 sojoji suka bindige musu mutane sama da 200 a Wounded Knee, har da mata da yara. A 1980 Kotun Ƙoli ta tabbatar an zalunce su, ta yanke diyya ta sama da dala miliyan 100. Suka ce ƙasar kakanni ba ta sayarwa ba ce. Kuɗin na nan ajiye, sun haura dala biliyan 1, talaucin bai sa sun taɓa su ba. Mutanen da a al'adarsu mai bikin ne ke raba wa baƙi barguna, yau su ne ba su da abin rufa.

Bara iyayenmu mata sun yi abin a yaba, Allah Ya saka musu da alheri. Amma maza, sai haƙuri. An ɗaga hannu bayan Juma'a, an yi alkawura, har yau wasu ma'aji bai ga ƙeyarsu ba. Ba za mu kama suna ba. Wani ma cewa ya yi ai ba Musulmi ba ne. Yaushe haƙƙin maƙwabci ya tsaya a kan addini? A ƙasarsu fa muke cin abinci.

Muna neman kuɗin cika gas, da barguna, da rigunan sanyi na yara. Abin da ya shigo za a karanta shi a masallaci. Akwatin yana bakin ƙofa, kayan kuma a kai wa ma'aji kafin Juma'a ta sama, don mota ta tashi kafin hanya ta toshe.

Wassalam,
Kwamitin Masallaci