Ga ɗana da ya tambaye ni da wane baki muke dariya

Ɗana,

Ranar walimar nan ta Gadarif ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni da wane baki muke dariya alhali tun 15 ga Afrilu 2023 ƙasar nan tamu ta Sudan take cin wutar yaƙi. Ka kawo hadisin da ya ce yawan dariya na kashe zuciya. Ban amsa maka ba a lokacin, bakina cike yake da asida.

Hadisin gaskiya ne, sai dai ka lura yawanta aka hana. Manzon Allah (SAW) da ya faɗe shi, shi ne kuma ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne.

Da garin Wad Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF a Disamban 2023, kai kana Kasala. Mu aka zuba mu a ajin wata makaranta, maƙil. Kwana uku ba ka jin komai sai kukan yara. Rannan gwaggonka ta kwance ƙullin da ta tsira da shi: buta, carbi, da murfin tukunya, tukunyar kuwa tana can Madani. Taubashinta, tsohon nan mai ciwon gwiwa, ya leƙa ya ce, "Hajiya, da wannan za ki tare harsashi?" Ta wurga masa murfin. Aji ya kwashe da dariya, har da wata baiwar Allah da ba ta san inda mijinta yake ba. A daren aka fara hura gawayi aka ɗora jabana, butar dafa gahawa.

Abin nan gado ne. Waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi da Turawan Ingila, can Arewacin Najeriya, a 1903 suka zo suka kafa Maiurno kusa da Sinnar, da wasan taubasai suka iso, da na jika da kaka. Ko a zaman makokin tsohuwa ai jikoki ba sa fasa tsokana.

Akwai dai dariyar da nake bayanka a kanta. Ina yaro an sha yi mini ita a kasuwa saboda Larabcina na ƙanshin Hausa. Abin kunya, ni ma na yi wa wani. Yaro ne tashin Khartum, ya gaishe ni da karyayyiyar Hausa, na kwaikwaye shi, majalisa ta fashe. Shi ma ya yi yaƙe. Tun daga ranar da Larabci yake gaishe ni.

Idan za ka zo ranar Juma'a ka biya ka taho da shi, ka san gidansu. Ina so in ba shi haƙuri da Hausa.

Baffanka