Wasiƙa zuwa ga ɗana a Nuwadibu, Muritaniya

Tudun Wada, Kaduna

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da malamanka.

Ka ce a waya abin ya ɗaure maka kai: gari a bakin hamada, amma da asuba sai da rigar sanyi, ruwan teku kuwa kamar na randa a tsakiyar hunturu. Wannan aikin igiyar Kanari ne, wato igiyar ruwan teku wadda ke gangarowa daga arewa ta gefen Maroko, ta wuce ku a Muritaniya har Senegal. Iska na kore ruwan da ke sama daga gaɓa, sai na can ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Iskar da ta kwanta a kan ruwan sanyi ba ta tashi ta haɗa hadari, sai dai hazo. Shi ya sa kuke ganin teku kullum, ruwan sama kuwa sai an dace. Mu nan daminarmu daga ɗumin Tekun Gini take zuwa.

Ruwan nan mai tasowa yana ɗauko abincin kifi daga ƙasa. Kifin gwangwanin Maroko da mahaifiyarka ke saye a Kasuwar Barci, arzikinsa ne.

Amma ba darasi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ƙanenka ya faɗa mini abokanka na zancen shiga kwalekwale zuwa tsibiran Kanari na ƙasar Sifen, don shiga Turai. Tun ranar barcina bai cika ba.

Saurara. Igiyar da iskar duk daga arewa suke tahowa, kwalekwalen kuwa arewa ya nufa. Injin ya mutu ko mai ya ƙare, ruwa ba ya mayar da ku gaɓa. Kudu maso yamma yake ja, cikin tsakiyar Atilantika. A 2021 wani kwalekwale da ya tashi daga Muritaniya ya ɓulla a tsibirin Tobago, can gefen Amurka ta Kudu, babu mai rai a ciki. Wanda ya kwana a jiƙe cikin iskar nan, sanyi na iya gamawa da shi kafin ƙishirwa.

Karatu na tura ka, da yardata. Wannan tafiya kuwa ban yarda ba, mahaifiyarka ma haka. In guzuri ne ya ƙare, faɗa mini ba kunya. Zan sayar da filin Rigasa. Kira ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Allah ya tsare mini kai.

Mahaifinka