Wanda Ya Ce Yaƙin Ado Ne Bai Kalli Fim Ɗin Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, na rubuto ne a kan abin da baƙonku ya faɗa a shirin ranar Asabar da ta wuce, domin har yau maganar ba ta bar raina ba. Cewa ya yi wai The Good, the Bad and the Ugly fim ne na 'yan bindiga uku masu farautar zinariya, yaƙin basasar Amurka da ke cikinsa kuwa ado ne aka yafa masa don a ji ƙarar igwa, ko da an cire shi labarin ba zai rasa komai ba. Mai gabatarwa ya yi dariya ya ce haka yake, aka shiga wata maganar. Ranka ya daɗe, duk wanda ya faɗi haka, ko dai bai kalli fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe ba, ko kuwa ya kalle shi ido ɗaya a allo ido ɗaya a waya.

Na fara ganin wannan fim ina saurayi, a cikin shekarun 1970, a wata silima marar rufi a Kaduna, irin wadda idan hadari ya taso sai kowa ya nemi inda zai fake. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya biya mini kuɗin tikiti. Tsohon soja ne, yana cikin Runduna ta Biyu da Kanar Murtala Muhammad ya jagoranta a yaƙin basasar Nijeriya, kuma yana bakin Kwara a watan Oktoba na 1967, lokacin da aka riga aka karya gadar shiga Anacha, aka riƙa loda sojoji a jiragen ruwa ana tura su tsallaka kogi, ba sau ɗaya ba, wutar da ke jiran su a ɗaya gaɓar kuwa ba ta bar da yawa sun dawo ba. Kawu bai taɓa ba mu wannan labarin a gida ba, a bakin wasu muka tsince shi. Shi dai ya je silima ne don ya ga kaboyi kamar kowa, ya yi ta dariya a lokacin da Clint Eastwood ke harbin igiyar da aka rataye Eli Wallach da ita su gudu su raba kuɗin lada, har yana dukan cinyata don daɗi. Amma da aka iso wurin gadar nan ta cikin fim ɗin, inda sojojin Arewa da na Kudancin Amurka ke afka wa juna kullum a kan 'yan katakai, sai na ji ya yi tsit. Na waiwaya na ga goron da ya ɓare yana nan a hannunsa bai kai baki ba, ɗaya hannun kuma ya damƙe bakin benci. Da kyaftin ɗin nan mashayi ya fara bayyana yadda manya suka hana a taɓa gadar, alhali yana ganin yaransa na zuba a kanta kamar ganye, sai Kawu ya miƙe ya fita, bai dawo ba sai da aka tashi. A hanyarmu ta komawa gida a ƙafa, abin da ya faɗa mini kawai shi ne, wanda ya shirya wannan fim ya san soja. Shi ke nan, bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. To, ina son baƙonku ya gaya mini wane irin ado ne yake fitar da tsohon soja daga silima bayan ya biya kuɗinsa.

A ajiye labarin Kawu ma, a dubi fim ɗin kansa. Zinariyar da ake nema, ta dala 200,000, kuɗin rundunar Kudu ce, yaƙi ne ya raba ta da masu ita har ta ƙare a cikin kabari. Wanda ya san inda take, Bill Carson, soja ne da aka tsinta yana shure-shuren mutuwa a cikin keken doki cike da gawawwaki, shi ya ba Tuco, wato Eli Wallach, sunan maƙabarta, ya ba Blondie, wato Clint Eastwood, sunan da ke kan kabari, ya ɗaure su da juna alhali kowa na neman ran ɗan'uwansa. Asibitin da aka kai Blondie jinya gidan limaman Kirista ne da ya cika da sojoji masu raunuka. Kama su da aka yi kuwa, sun sa kayan sojan Kudu ne masu ruwan toka, suka hango mahaya da kaya masu launi irin nasu, Tuco ya shiga yi wa Janar Lee, babban kwamandan Kudu, kirari da ƙarfi, sai da hafsan ya iso ya kakkaɓe hannun rigarsa aka ga shuɗin sojan Arewa a ƙarƙashin ƙura. 'Yan kallo suna dariya a nan, ni ma na yi, amma ba na jin akwai wata hanya da ta fi wannan nuna yadda yaƙin 'yan'uwa yake, inda ƙura kaɗai ta isa ta hana ka gane naka da na wani. Idan an cire yaƙin daga wannan labari, ina zinariyar za ta fito, wa zai binne ta, kuma wa zai cika maƙabartar da aka ɓoye ta a ciki?

Yaƙin ma ba na ƙirƙira ba ne. A farkon 1862 Janar Henry Sibley na rundunar Kudu ya taso da mayaƙan Texas ya shiga yankin New Mexico, ya yi nasara a kan Kanar Edward Canby a Valverde a watan Fabrairu, sannan a ƙarshen Maris aka ƙone masa kayan abinci da makamai a Glorieta, dole ya juya da baya da yunwatattun sojoji. Wannan ja da bayan shi ne ake gani a fim ɗin, garuruwa sun watse, mutane na loda kaya a kan keke suna gudu, igwa na rushe bene a kan masu rigimar kansu. Baƙonku ya ce ya kalli fim ɗin sau uku, amma ko sunan Sibley bai ambata ba, alhali ana faɗar sa a ciki.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ya tsallake sansanin fursunoni kamar babu shi. A can ne Lee Van Cleef, wanda ya fito a matsayin mugun, ya sami igiyar saje a rundunar Arewa, wato a ɓangaren da tarihi ya ce shi ne mai gaskiya, yana ƙwace kayan fursunoni yana sayarwa. Ya sa aka kawo masa Tuco, ya ba shi abinci, sannan ya saki wani ƙaton kofur a kansa, a waje kuma aka jera fursunoni aka tilasta musu kiɗa da waƙa don kada a ji ihun wanda ake duka. Akwai wani saurayi mai goge a cikinsu, hawaye na zuba masa, ya sauke hannu ya kasa ci gaba, mai gadi ya daka masa tsawa ya koma. Na kalli wannan wuri ban san iyaka ba, a silima, a kaset ɗin bidiyo, yanzu kuma a faifai, kuma har gobe idan kiɗan Ennio Morricone, wanda ya tsara wa fim ɗin kiɗa, ya tashi a nan sai na ji tsigar jikina ta tashi. Shirinku ya sa kiɗan farkon fim ɗin, mai kama da kukan dila, wanda kowa ya sani, ya bar wannan, domin wanda ya zaɓo bai san inda nauyin yake ba.

Da baƙon naku ya yi bincike kaɗan, da ya gane dalili. Sergio Leone, wanda ya shirya fim ɗin, ɗan Italiya ne, an haife shi a 1929, ya tashi a Roma a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Fim ɗin ya fito a 1966, kuma a Sifen aka ɗauki mafi yawansa, ƙasar da ita ma ta sha nata yaƙin basasar daga 1936 zuwa 1939, wanda ya ci yaƙin, Janar Franco, yana kan mulki a lokacin. Sojojin Sifen ne suka gina gadar a kan kogin Arlanza a lardin Burgos, har sai da aka gina ta sau biyu, saboda a karon farko an tayar da nakiyar kafin masu kyamara su shirya. Su ne kuma suka jera dubban kaburburan nan na maƙabartar Sad Hill a zagaye kamar dandalin dambe, inda Tuco ke gudu yana haki yana neman kabarin da ke ɗauke da sunan Arch Stanton. Mutum ba ya sa a haƙa masa dubban kaburbura don ado. Kafin a kai can ma, Blondie, wanda ba kasafai yake nuna tausayin kowa ba tun farkon fim, ya tarar da wani yaro soja yana mutuwa a cikin kangon coci, ya cire rigarsa ya lulluɓe shi, ya sa masa tabarsa a baki ya zuƙa sau biyu, ya cika. Ba a yi magana ko ɗaya a wurin ba, kuma ina zargin shi ya sa baƙonku bai lura da shi ba.

Ba cewa nake fim ɗin ba shi da laifi ba. Da suka ake so a yi da ilimi, ga ta nan a fili. Ana ambaton kurkukun Andersonville, inda rundunar Kudu ta tsare fursunonin yaƙi, a ciki, alhali ba a buɗe shi ba sai a 1864, shekara biyu bayan lokacin labarin. Babban laifin kuma, yaƙin da aka yi daga 1861 zuwa 1865, wanda ya ci mutum sama da 600,000, a kan bauta aka yi shi, bayi kusan miliyan 4 ne ke cikin ƙangi a lokacin, amma Leone ya mai da ɓangarorin biyu tamkar mahaukata biyu da ke faɗa a kan gada, bai ce uffan a kan bayin ba. Wannan ya daɗe yana damuna, kuma da shi baƙonku ya kama, da wasiƙar yabo zan rubuto. Sai ya bar jaki ya koma dukan taiki, ya tsaya yana ƙorafin cewa fim ɗin ya kusa awa uku, kuma wai mutum uku sun tsaya suna kallon-kallo na tsawon mintuna ba a harba ba. Wanda ya ƙosa da wannan tsayuwar a tsakiyar kaburbura, ban san abin da ya kai shi sharhin fim ba.

Tun da na riga na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shirin, da kalamansa na rashin kunya, ya sa dole nake rage murya idan jikokina suna ɗakin, kuma a makon jiya sau uku aka katse magana saboda shi. Ku duba lamarin, ku mai da shi ƙarshen dare idan ba za a iya barin sa ba.

Roƙona shi ne a sake waiwayar fim ɗin a wani shirin, a gayyato wanda ya kalle shi da natsuwa, in da hali a haɗa da wani tsohon soja cikin 'yan kaɗan da suka rage, a sa masa wurin gadar a ji abin da zai ce. Kawu dai ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Faifan yana nan a wurina, cikakke ba yankakke ba, idan baƙonku yana bukata zan aiko masa ta hannun direban mota, da sharaɗin ya kashe wayarsa kafin ya kunna.

Wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta, mai sauraronku daga Kaduna.