Sanarwa ga ƴan rukuni: Fashewar Port Chicago, 1944

Assalamu alaikum ƴan uwa. Maudu'inmu na wannan makon shi ne bala'in Port Chicago, tashar lodin makamai ta sojan ruwan Amurka a Kalifoniya. Ga muhimman bayanai kafin mu fara.

Daren 17 ga Yuli 1944, wajen ƙarfe 10:18, jirgin E. A. Bryan mai ɗauke da kusan tan 4,600 na bama-bamai da harsasai ya tarwatse, ya haɗa da jirgin Quinault Victory da ke gefensa. Mutum 320 suka mutu, 202 daga cikinsu baƙar fata ne.

A lura da yadda aikin yake. Masu dakon makaman duk baƙaƙe ne, hafsoshinsu duk Turawa. Ba a koya musu sarrafa abin fashewa ba, aka kuma ɗora musu lodin tan 10 a awa ga kowane ramin zuba kaya na jirgi, har hafsoshi na caca kan ayarin da zai fi sauri. Wannan ganganci ne da rayukan mutane.

A watan Agusta sojoji 258 suka ƙi komawa lodi. Aka gurfanar da 50 bisa laifin tawaye, aka yanke musu shekara 8 zuwa 15. Lauya Thurgood Marshall na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, ya halarci shari'ar, ya ɗaukaka ƙara. A 1946 rundunar sojan ruwa ta soke wariyar launin fata, a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarni mai lamba 9981 na soke wariyar ga dukkan sojoji. Sai 17 ga Yuli 2024 aka wanke waɗanda suka ƙi komawa lodin daga laifi.

Don Allah a tsaya kan maudu'i, a guji tura hotunan gawarwaki.