Shekarar 1996 a Bauchi da Gombe: a rubuta ta tun shaidunta suna raye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu ja hankalin gwamnatocin Bauchi da Gombe, da masarautunmu, da jami'o'inmu, kan shekarar 1996. A 2026 ne Jihar Gombe take cika shekara 30, amma abin da yawancin matasanmu suka sani game da shekarar da aka kafa ta bai wuce magana ɗaya ba: ranar 1 ga Oktoba Janar Sani Abacha ya cire Gombe daga Bauchi. Haka ne, sai dai abin da ya faru a shekarar ya fi wannan yawa, kuma waɗanda suka ɗauki fayil, suka zauna a kwamitoci, suka yi jinyar marasa lafiya a lokacin, yau dattawa ne, wasu ma Allah ya yi musu rasuwa. In ba a tattara abin da suka sani yanzu ba, za a wayi gari sai jita-jita ta rage.

Mu fara da mulki, don nan ne aka fi cakuɗa zance. Shekarar ta shigo tsohuwar Jihar Bauchi tana hannun Kyaftin Rasheed Raji na sojan ruwa. A watan Agusta Kanar Theophilus Bamigboye ya karɓe shi, wato bai cika wata biyu a kujera ba aka raba jihar a hannunsa. Gombe kuwa Guruf Kyaftin Joseph Orji na sojan sama ne gwamnanta na farko, ya riƙe ta har Agustan 1998. An ƙirƙiro ta ne tare da Zamfara, Nasarawa, Ekiti, Ebonyi da Bayelsa, bayan kwamitin Cif Arthur Mbanefo ya karɓi buƙatun jama'a, jihohin ƙasar suka tashi daga 30 suka zama 36. Da aka gama gyaran ƙananan hukumomi, Gombe ta tsaya a 11, Bauchi a 20.

Masu ba da labari sukan haɗa zaɓuka biyu su mai da su ɗaya. Zaɓen ƙananan hukumomi na watan Maris 1996 ba na jam'iyya ba ne, kowa da sunansa ya tsaya, kuma a lokacin Akko da Dukku da Kaltungo duk ƙananan hukumomin Bauchi ne. Jam'iyyu biyar na zamanin Abacha, UNCP, CNC, DPN, GDM da NCPN, sai ranar 30 ga Satumba hukumar zaɓe ta NECON ta yi musu rajista, kwana ɗaya kafin a sanar da sababbin jihohi. Zaɓen da aka yi da tutocinsu na Maris 1997 ne. Duk wanda ya ce an zaɓe shi shugaban ƙaramar hukuma a UNCP a 1996, ya zame da shekara guda.

Me ya sa mutanen Gombe suka daɗe suna neman jiha? Akwai batun tarihi, tun daga Buba Yero wanda ya kafa masarautar Gombe, da nisan yankin Tangale-Waja na kudancin Gombe daga fadar gwamnati a Bauchi. Amma akwai lissafin kuɗi da ya kamata ɗalibi ya gane. A tsarin rabon kuɗin tarayya tsakanin jihohi, kashi 40 cikin ɗari ana raba shi ne daidai wa daida, ba a duba girma ko yawan jama'a. Kashi 30 ne ake rabawa bisa yawan mutane, sauran kuma bisa faɗin ƙasa, ayyukan jin daɗin jama'a da ƙoƙarin tara haraji. Kafin Oktoba, ƙasar da ta tashi daga Katagum har Balanga tana ɗaukar rabo ɗaya cikin 30 na wancan kashi 40 ɗin. Bayan Oktoba ta koma ɗaukar rabo biyu cikin 36. Da aka koma mulkin farar hula a 1999 kuma, sanatocin yankin suka zama shida maimakon uku. A ganinmu ba Gombe kaɗai ta ci ribar rabuwar ba, Bauchi ma ta ci, ko da yake a lokacin abin ya yi wa wasu ciwo.

Inda labarin ya fi daɗin bincike, kuma aka fi yin sakaci da shi, shi ne yadda aka raba gwamnatin kanta. Tamkar wa da ƙani ne suka raba gida: ginin ba ya motsi, amma tukwane da bashi sai an zauna an ƙirga. Abin da ba ya ɗaukuwa, kamar makaranta da asibiti da madatsar ruwa, yana bin ƙasar da yake kai. Motoci, injinan aikin hanya, kujeru, hannun jari da basussuka, su ne kwamitin rabon kadarori yake zama a kansu. Ma'aikata kuwa asalin ƙaramar hukumarsu ake bi. A nan matsaloli suke kunno kai. Mutum zai koma sabuwar jiha fayil ɗinsa ya tsaya a tsohuwa, sai ranar ritaya a rasa takardar ɗaukarsa aiki ko ta ƙarin girma. Wanda ya riga ya yi ritaya kafin rabuwa, wace jiha ce za ta biya shi fansho? Matar aure da asalinta ke wannan jiha, mijinta na waccan, ina za ta? Sannan garin Gombe, wanda jiya hedikwatar ƙaramar hukuma ne da kasuwar auduga da hatsi, ya wayi gari yana neman ofisoshin ma'aikatu da gidajen ɗaruruwan ma'aikata da iyalansu lokaci guda. Wace ma'aikata ce ta fara zama a wane gini, nawa kuɗin haya ya koma, wa ya sa hannu a takardar rabo: waɗannan su ne tarihin kafa jiha na gaskiya, kuma suna cikin kawunan tsofaffin manyan sakatarori, akantoci, direbobi da masinjoji.

A rubuta kuma abin da sabuwar jihar ta taras da abin da ba ta taras ba. Ta gaji kamfanin siminti na Ashaka, madatsar Dadin Kowa, layin dogo da ya ratsa Gombe zuwa Maiduguri tun shekarun 1960, da Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha. A 1996 ɗin ne aka kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da yau ta zama asibitin koyarwa. Ba ta da jami'a. Ta jihar sai 2004, ta tarayya a Kashere sai 2011. A shekarar, litar fetur naira 11 ce a hukumance, dala kuma naira 22 a farashin gwamnati, a kasuwa ta haura 80.

Amma ga gidaje da yawa, 1996 shekarar sanƙarau ce kafin ta zama shekarar jiha. Daga farkon shekara har faɗuwar damina, annobar ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu, kuma Bauchi tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, tare da Kano, Katsina da Kebbi. Ƙyanda da amai da gudawa suka zo a kai. Cutar tana bin zafi da ƙura da cunkoson ɗakin kwana, tana lafawa in ruwa ya sauka. Allurar rigakafin da ake da ita a lokacin kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru, ba ta kuma aiki sosai ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu, sannan sai annoba ta ɓarke ake fara yin ta, shi ya sa kullum cutar take riga ma'aikatan lafiya isa ƙauye. Allurar da ta karya lagon wannan nau'in sanƙarau sai a 2011 ta iso Najeriya. Saboda wannan annoba Saudiyya ta rufe ƙofa ga maniyyatan Najeriya a Hajjin shekarar, mutane sun biya kuɗin kujera, sun yi sallama da dangi, suka koma gida. Yaran da suka tsira da kurumta a lokacin yanzu magidanta ne a cikinmu. Littafin da ya tsallake wannan babi bai yi wa mamatan adalci ba.

A fagen wasanni shekarar ta fara da takaici, don gwamnati ta hana Super Eagles zuwa kare kofin Afirka a Afirka ta Kudu, abin da ya jawo aka hana mu shiga na 1998 ma. Sai gasar Olamfik ta Atlanta a Amurka ta share hawaye. Ranar 31 ga Yuli Brazil tana gaba da ci 3 da 1, Najeriya ta farke ta ci 4 da 3, Nwankwo Kanu ya zura biyun ƙarshe. Ranar 3 ga Agusta aka doke Ajantina 3 da 2, Celestine Babayaro, Daniel Amokachi da Emmanuel Amunike suka ci ƙwallayen, ga Tijjani Babangida da Garba Lawal a cikin tawagar. Chioma Ajunwa ta ɗauki zinariya a dogon tsalle da mita 7.12. Wannan duk an rubuta shi a duniya. Wanda ba a rubuta ba shi ne na gida: ƙungiyoyin unguwanni, gasar makarantu, dambe da kokawa bayan girbi, da waɗanda suka horar da yara a filin Abubakar Tafawa Balewa na Bauchi da filin tunawa da Sarki Abubakar Umar na Gombe. A kula, kofin ƙalubale da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists ta Bauchi ta ɗauka na 1998 ne, kada a jawo shi baya.

Sarakunan da aka yi wannan sauyi a idonsu sun cancanci babi nasu: Sarkin Bauchi Alhaji Suleiman Adamu, Sarkin Gombe Alhaji Shehu Usman Abubakar wanda ya hau a 1984 ya rasu a 2014, Sarkin Katagum Alhaji Muhammadu Kabir Umar, da takwarorinsu na Misau, Ningi, Jama'are da Dass. A watan Afrilun shekarar ne aka sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki aka naɗa Muhammadu Maccido, abin da ya girgiza kowace fada a Arewa. Kurakurai biyu ake yi a nan. Na farko, ƙaramar Sallah ta faɗo a Fabrairu, babba a ƙarshen Afrilu, saboda haka duk hoton hawan Sallah na 1996 an ɗauke shi ne Gombe tana cikin Bauchi. Hawan farko a matsayin babban birnin jiha na Fabrairun 1997 ne. Na biyu, yawancin sarakunan yanka da ake gani yau a arewacin Gombe a mulkin farar hula aka ɗaga darajarsu, a 1996 ƙasashensu suna ƙarƙashin Sarkin Gombe. Kuma kada aikin ya tsaya a fadoji. A ji ta bakin Tangale, Waja, Tula, Cham, Dadiya, Tera da Bolawa, a ji ta Jarawa, Gerawa da Sayawa, Musulmi da Kirista, musamman da yake raunin rikicin Tafawa Balewa na 1991 da 1995 bai gama warkewa ba a lokacin.

Ga yadda muke ganin za a yi aikin. Sassan tarihi na jami'o'in jihohin biyu su kafa kwamiti ɗaya, don rabin takardun suna Bauchi, rabi suna Gombe. A fara da mutane kafin takardu, kuma mafi tsufa shi ne na farko. Kowace hira a buɗe ta da faɗin sunan mai magana, wuri da kwanan wata a cikin rikodin ɗin kansa, don takardar da aka manna tana ɓacewa. Kada zama ya wuce awa ɗaya da rabi. Dattijo in ya gaji sai ya fara amsa abin da ya ga ana so ya faɗa. A nemi izininsa a rubuce, kuma kada a buga wata magana a matsayin tabbas sai an samu shaida ta biyu ko takarda. Wanda ya ba da kwanan wata da lissafin Hijira, a tuna shekarar ta ratsa 1416 da 1417.

Daga nan a bi kaset-kaset na gidan rediyon Bauchi, talabijin na jiha da NTA, da na masu ɗaukar bidiyon biki da naɗin sarauta, waɗanda sau da yawa sun fi gwamnati ajiya. Kaset ɗin da ya yi shekara 30 cikin zafi da laima yakan yi fumfuna ko zarensa ya manne. In an ga farin gari a jikin zaren, kada a sa shi a inji, don zai tsinke ya kuma ɓata kan injin, ya shafa wa na bayansa. A ware shi sai mai gyara ya tsabtace. Wanda yake lafiya a juye shi zuwa kwamfuta tun a kunnawar farko, don ba lallai ya jure ta biyu ba.

Takardu kuwa, a nemi jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian na watanni 12 na shekarar a Gidan Arewa da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da gazet na gwamnati, da rijistar asibitoci. A cire fil da ƙusar sitefula da suka yi tsatsa, a ɗauki hoton kowane shafi yadda ƙaramin rubutu zai karantu, tare da bangon fayil mai lamba. Kada a liƙe tsohuwar takarda cikin leda mai zafi, don ba ta sake fitowa kuma tawadar tana lalacewa. A ɗora kwalaye a kan kanta nesa da ƙasa da bango saboda gara da yoyon rufi. Duk abin da aka juye a yi masa kwafi uku: ɗaya a Bauchi, ɗaya a Gombe, ɗaya a Kaduna. Iyalan da suka ba da aron hoto ko wasiƙa a ba su rasit, a mayar musu da kayansu cikin mako biyu, don gida ɗaya da aka riƙe wa kaya ya isa ya sa unguwa guda ta rufe akwatunanta.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman tarihi da tsofaffin ma'aikatan gwamnati,
Gombe.