Zuwa ga Yaya Binta, daga Kolombos

Kolombos, Ohayo
22 ga Fabrairu, 2026

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ibada? Ya Inna da ƙafar tata, ya Malam da yara? Allah ya karɓa mana. Mu nan lafiya lau, sai sanyi, shi ma ya fara sassautawa. Na rubuto ne maimakon in kira, don na san in na kira a tsakar gida za ki ɗauka kowa yana ji, kuma lokacin da nake tasowa daga aiki ku kun kusa azahar, hidimar abin buɗa baki ta taso. Ki karanta ke kaɗai tukuna.

Ranar Alhamis na turo dala 300 ta asusunki. Ki fara da maganin Inna na wata biyu, sai gero da sukari da man gyaɗa na azumi, abin da ya rage ki kai makarantar Abba ki karɓo rasit. Kada ki ba Sani ko kobo. Na san zai zo miki da maganar kwanon ɗakin Inna, ki ce masa ni na ce kwano ya jira, da an wuce Mayu za a yi shi in Allah ya yarda. Na bara da na turo ta hannunsa kin ga inda suka tafi.

Goggo Asabe ta bar mini saƙon murya har na minti bakwai. Wai an nuna mata Ummi a waya tana tsalle tana juyi, wai mun kai jikar Inna ƙasar Turawa mun sake ta ta zama 'yar rawa, wai har a gidan suna a Tudun Wada an yi zancen. Na saurara ina cikin mota a bakin wurin aiki, sai da na daɗe kafin in iya shiga. Kin san ban saba zancen yarinyar nan ba, ta fari ce, amma yau zan ajiye kara in gaya miki yadda abin yake, don ke za ki yi wa Inna bayani kafin wani ya riga ki.

Karatun jami'a take nema, Yaya. Digiri ne na shekara huɗu a fannin wasan kwaikwayo na dandamali, irin wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa a cikinsa. Ba sabon abu ba ne a nan. Jami'ar Carnegie Mellon da ke Fitsbag, tafiyar awa uku daga gidanmu, tun 1914 take ba da digiri a wasan kwaikwayo. A jiharmu ma akwai ta Sinsinati, wadda ta fara wannan na waƙa da rawa tun ƙarshen shekarun 1960. Kuma in Goggo ta manta, a Samaru nan kusa da ku jami'a tana da sashen wasan kwaikwayo, da ɗakunan nan na ƙasa da suke wasa a ciki, 'ya'yan mutane suna shiga suna fitowa da digiri, ba wanda ya kai su gidan suna.

Abin da ban sani ba sai da muka shiga shi ne ƙofa biyu ake bi. Jami'a za ta duba makinta ta ɗauke ta ko ta ƙi, wannan daban. Sashen wasan kuma sai sun gan ta da idonsu sun ji muryarta. Yaro na iya cin ta farko ya faɗi ta biyu. Manyan makarantun ɗan adadi kaɗan suke ɗauka a shekara, wasu ajin ko ashirin bai kai ba, masu nema kuwa ɗaruruwa, kuma 'yan mata sun fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa malamar makarantarsu ta ce kada mu nemi biyu ko uku. Mun nemi goma sha huɗu. Kowace da kuɗin takardarta, wasu kuma da kuɗin gwaji a kai. Baban Ummi yana rubuta komai a ɗan littafin da yake lissafin man mota, ni na daina dubawa.

Tun Oktoba aka fara da bidiyo, shi ake turawa su tace kafin su gayyaci mutum. Waƙa biyu masu bambancin yanayi, kowace minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, sai ta tsaya ita kaɗai ta yi maganar wani a cikin wasa, sai rawa. A falonmu muka yi, muka ture kujeru muka rataya zanin gado ruwan toka a bango, Khalifa ya riƙe waya. Wannan na rawar shi ne ya iso gare ku. Khalifa ne ya tura wa Nafisa don alfahari da yayarsa, ita kuma ta sa a WhatsApp na dangi. Na yi masa faɗa har ya yi kuka. Ki duba shi da kyau in har yana wayarki: dogon wando ne a jikinta, riga mai dogon hannu, kanta a ɗaure. Ki ce wa Nafisa ta goge, kuma ta daina nuna wa mutane. Ba roƙo nake ba.

Akwai wani bidiyon da ba ku gani ba, shi na so a ce ya yawata. Wasu makarantun suna barin yaro ya ƙara minti ɗaya na duk abin da ya ga dama. Ita sai ta yi waƙar gaɗar nan da Inna ta koya mata da muka zo a 2017, da tafinta da komai. Ni ban ma san ta riƙe ba. Ina kicin na ji, sai na tsaya da ludayi a hannu. Ni da ke ba mu yi gaɗa a dandali ba, Yaya? Wa ya fi ki faɗawa baya a taro ki? Goggo da kanta, wa yake ba da waƙa in ana kamun amarya?

Tara suka gayyace ta, biyar suka ƙi tun daga bidiyo. Ranar da amsar ƙi biyu suka zo a jere ta shige ɗaki ta ƙi cin abinci. Babanta da ya fi kowa ƙin abin nan, shi ya je ya zauna a ƙofar ɗakin yana lallashi.

Farkon watan nan muka je Shikago. Akwai taron gwaji da makarantu da yawa suke haɗuwa wuri ɗaya, Unifieds suke ce masa, ana yi a Niyok a Janairu, sai Shikago, sai Los Anjalis, don a rage wa iyaye yawo jiha jiha. Na Shikago a wani tsohon otal ake yi mai suna Palmer House, kowace makaranta da ɗakinta. Awa shida muka yi a mota ta Indiyanafolis, ƙanƙara a gefen hanya. Ba a otal ɗin muka sauka ba, wata baiwar Allah 'yar Zangon Kumasi da muka sani ta masallaci ta ba mu ɗaki kwana uku, har da tuwo. Allah ya saka mata.

In kin ga wurin sai kin riƙe baki. Yara cike da baranda, kowa da fayil na takardun waƙa da hotonsa da ƙaramar sifika, wannan yana gwada murya a lungu, waccan ta ɗaga ƙafa a bango. Iyaye ba a barin su shiga. Sai ki tsaya a waje ki ji muryar 'yarki ta bayan ƙofa, minti biyar ko goma ta fito, abin da aka yi shekara ana shiri ke nan. Wata Baturiya da muka zauna tare ta ce tun 'yarta tana shekara huɗu take kai ta koyon rawa, kuma sun ɗauki mai horarwa na musamman shekara biyu. Tamu a makarantar gwamnati ta fara, a aji tara, darasin murya kuwa na wata shida kawai muka iya biya. Na yi shiru ina jan carbi a cikin aljihun rigar sanyi. Baban Ummi a ƙarƙashin matakala ya yi azahar da la'asar, ita kuma ta rama nata da muka koma masauki. A ɗaya daga cikin ɗakunan gwajin, ta ce wani malami ya tuna bidiyon gaɗar, ya tambaye ta wane harshe ne, ya sa ta sake yi musu a tsaye ba kiɗa. Ta fito tana rawar jiki. Ban ce mata komai ba, na gyara mata ɗankwali kawai.

Kada ki ɗauka ban da tsoro. Ina da shi fiye da Goggo. Sana'a ce da ba ta da tabbas, da yawa suna gamawa su tafi Niyok su yi ta aikin gidan abinci suna jiran a kira su. Ga batun tufafi da irin rawar da za a ba ta a wasa, mun zauna mun yi maganar nan ba sau ɗaya ba, ta san abin da ba za mu yarda da shi ba. Babanta harhaɗa magunguna ya so ta karanta, har yanzu bai haƙura ba, ya sa ta nemi wannan ma a jami'ar jiha da ke garinmu, kuma sun ɗauke ta. Sharaɗinsa shi ne ba za a ci bashin da zai bi ta har tsufa ba. Jami'o'i masu zaman kansu, kuɗin karatu da ɗaki da abinci yakan haura dala 80,000 a shekara, mu ina muka ga wannan? Mun cika takardar neman tallafin gwamnati da ake kira FAFSA, tunda a nan aka haife ta ta cancanta. Sai mun ga abin da kowace makaranta za ta rage. Na cikin jiha sun fi sauƙi sosai, can zuciyata ta fi karkata, ko ba komai in ta yi zazzaɓi zan iya tuƙi in je.

Yawancin amsoshin a Maris za su fito, wataƙila wajen Sallah, kuma zuwa 1 ga Mayu dole mu zaɓi ɗaya mu biya kuɗin kama gurbi. Dalilin kwanon Inna ke nan. Wallahi ina kwana da shi a raina, uwata tana tara roba a ɗaki in an yi ruwa, ni ina nan ina biyan kuɗin hoto da takalmin rawa. Na ƙara dare biyu a mako a gidan tsofaffin da nake aiki, ba wahala ba ce, zama ne yawanci, bayan ne kawai yake ɗan damuna. Kada ki gaya wa Inna wannan. Da an wuce Mayu, albashin farko na kwano ne, kuma ta hannunki za a yi, ke za ki nemo kafinta ki yi ciniki. Sani ya tsaya a gefe.

In za ki yi wa Inna maganar, ki bari sai bayan an sha ruwa ta huta. Ki ce mai sunanta karatu take nema, tana salla, tana azumi, jiya ma ita ta dama mana kunu. Zan turo miki bidiyon gaɗar ke kaɗai, ki nuna mata a ɗaki, kada ya fita daga wayarki. In ta ga dama ta sa mata albarka a saƙon murya, yarinyar za ta ji daɗi, don maganar Goggo ta kai kunnenta, ban san ta yaya ba. Goggo kuwa ki kai mata sukari daga cikin na azumin, ki ce ina gaishe ta, zan kira ta da Sallah. Yanzu in na kira ba zan iya riƙe bakina ba.

Ki turo mini hoton rasit ɗin Abba. In wani zai taho nan kafin Mayu, daddawa da kuka sun ƙare mana, da yajin nan na Inna. A gaida Malam, a gaida Hajiya ta makwabta, a sa mu a addu'a in an tashi sahur.

Ƙanwarki,
Maman Khalifa